Yadda Arthur Ashe Ya Karya Lagon Mai Ƙarfi

Ranar Asabar, 5 ga Yuli, 1975, mutum biyu suka fito filin ciyawa na Wimbledon a birnin Landan domin wasan ƙarshe na tanis na maza, kuma kusan duk wanda ya san wasan ya riga ya yanke hukunci tun ba a buga ƙwallon farko ba. Ɗaya Jimmy Connors ne, ɗan shekara 22, bahago, na ɗaya a duniya, mai riƙe da kofin. A shekarar da ta gabata ya lashe uku daga cikin manyan gasa huɗu na duniya: ta Ostiraliya, da Wimbledon, da ta Amurka. A wannan karon kuwa ya ratso wasa shida bai bar wa kowa ko turmi ɗaya ba. Ɗayan Arthur Ashe ne, baƙar fata ɗan Amurka, saura kwana biyar ya cika shekara 32, shekarun da a wannan sana'a ake fara cewa mutum ya gangara. Sau uku suka taɓa karawa, sau uku Connors ya doke shi. Masu sharhi sun daina tambayar wa zai ci. Tausayin Ashe suke ji, suna fatan kada a kunyata shi da yawa.

Ku nake so in ba wannan labari, 'yan uwana masu neman halal a Majidaɗi da sauran unguwannin Jalingo. Tela da ke kan keke tun hantsi, bakanike da baƙin mai ya rine wa farce, mai walda, mai faci, ɗan dako a babbar kasuwa, direban Keke da ke zirga-zirga a Hammaruwa Way, uwar marayu mai tuyar ƙosai tun kiran assalatu, malamin firamare da ke lissafin kwanakin wata. Na san tanis ba wasanmu ba ne. Ƙwallon ƙafa ake cika wa gidajen kallo, dambe da kokawa kuwa su ne na gado. Amma abin da ya faru a ranar nan labarin mai sana'a ne da ya tsaya gaban wanda ya fi shi ƙarfi, kuma babu ɗaya a cikinku da bai san wannan tsayuwa ba.

Ashe ba ɗan gata ba ne. An haife shi a 1943 a Richmond ta jihar Virginia, zamanin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta, da motar haya, da wurin wasa. Mahaifinsa ma'aikacin hukumar birni ne, mai gadi da kula da filin wasa na Brook Field wanda aka ware wa baƙaƙe, kuma a ɗan gidan da ke cikin filin suke zaune. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Yaro ne siriri ƙwarai, filin tanis kuma a bakin ƙofarsu yake, sai ya ɗauki raket yana shekara bakwai. Wani ɗalibi mai suna Ronald Charity ya fara ɗora masa hannu, daga nan ya miƙa shi ga Dakta Robert Walter Johnson, likita baƙar fata a garin Lynchburg, wanda ya gina fili a gidansa yana horar da 'ya'yan baƙaƙe. Horon Dakta Johnson mai ɗaci ne. Kada ka yi gardama da alƙali. Kada ka nuna fushi. Ƙwallon da ta faɗi kusa da layi ka bar wa abokin karawa, ko da idonka ya nuna maka ta fita. Dalilinsa shi ne, ƙaramin uzuri ake nema a kori yaron baƙi daga gasa. Wannan abu yana sosa mini rai, domin zalunci ne tsagwaronsa a ce sai yaro ya sarayar da haƙƙinsa kafin a bar shi ya yi wasa. Amma daga cikin wannan ɗacin Ashe ya fito da abin da ya yi masa rana daga baya: ba a karanta abin da ke ransa a fuskarsa, kuma ba a iya tunzura shi.

A 1968 ya ci gasar Amurka yana laftanan soja. Kyautar dala 14,000 ce, amma da yake a rajista shi ba mai wasa don kuɗi ba ne, sai aka miƙa ta ga Tom Okker ɗan ƙasar Holan, mutumin da ya kayar. Ashe ya tashi da kuɗin guzuri na dala 20 a kowace rana. Duk leburan da ya taɓa ɗaga gini har linta wani ya karɓe kuɗin, ba sai an yi masa bayani ba. Ya kuma ci ta Ostiraliya a 1970, daga nan shiru, shekara biyar babu babban kofi. Aka fara cewa karatu da fafutuka sun ɗauke masa hankali.

To, a Wimbledon wanda ya fara cin turmi uku cikin biyar shi ne gwani, kuma turmi yakan ƙare ne idan mutum ya kai ci shida da ratar biyu. Ƙarfin Connors kowa ya san inda yake. So yake a bugo masa ƙwallo da zafi, ya tare ta tun tana tasowa da raket ɗinsa na ƙarfe, ya mayar da ita da gudun da ya fi wanda ta zo da shi. A wasan kusa da na ƙarshe ya haɗu da Roscoe Tanner, wanda sabis ɗinsa ke cikin mafi zafi a duniya. Duk yadda Tanner ya ƙara wuta, haka ƙwallon ke dawo masa kafin ya gyara tsayuwa. Turmi uku a jere, aka tashi. Ga kuma inda gizo ke saƙar: Ashe ma ɗan bugun ƙarfi ne. Da shi ya yi suna, da shi ya ci kofunansa biyu. Sau uku ya kai wa Connors wannan ƙarfin, sau uku ya dawo hannu rabbana.

Jajiberin wasan ya zauna da abokan sana'arsa, irin su Donald Dell da Charlie Pasarell, ya kuma nemi shawarar Dennis Ralston, wanda ya jagoranci tawagar tanis ta Amurka. Suka baje wasan Connors a faifai. Suka lura cewa idan ƙwallo ta zo masa a sanyaye, ƙasa-ƙasa, ta hannunsa na hagu, sai ya sunkuya ya ɗago ta, kuma a nan yake yawan jefa ta raga ko waje. Suka lura idan aka karkatar da sabis can gefe, ta ɓangaren da yake kama raket da hannu biyu, dole ya bi ta har wajen fili ya bar filin wayam. Idan kuma ya rugo gaban raga, a cilla ta sama ta bisa kansa. Shawarar ke nan, a hana shi abin da ya saba ci. 'Yan kokawa sun san irin wannan, inda ƙato ke turo ƙirji yana jiran a ture shi, gwani kuwa ya goce ya bar shi da nauyin jikinsa.

A baki abu ne mai sauƙi. Amma ku duba abin da ake nema daga mutumin nan. Ya ajiye salon da ya fi shekara 20 yana yi, a rana mafi girma a sana'arsa, gaban dubban mutane da na'urorin talabijin, ya ɗauki wani salo wanda in bai ci ba, gobe jaridu za su ce tsoro ya ji. Da ya fita ya yi ta duka da ƙarfi ya faɗi, da an tafa masa an ce ya yi ƙoƙari, tsufa ne. Wannan ita ce hanya mai sauƙi, kuma ita mafi yawanmu muke bi, domin faɗuwa a kan abin da aka saba ba ta da kunya. Ashe ya ƙi ta.

Turmi na farko, 6-1. Na biyu, 6-1. Ba a cika awa ɗaya ba, gwanin duniya ci biyu kacal ya samu. Yana jiran dukan da zai mayar, ana miƙo masa ƙwallo mai laushi tana zamewa a kan ciyawa. Idan aka zo hutun canjin gefe, Ashe sai ya zauna a kujerarsa ya rufe ido, ba motsi, kamar babu kowa a filin.

Sai Connors ya farfaɗo, domin ba a banza ya zama na ɗaya ba. Ya ƙwace turmi na uku da 7-5. Ya shiga na huɗu da zafinsa, kafin ka ce kwabo yana gaba da 3-0. 'Yan kallo suka fara gyara zama, kowa na cewa ai dama mun faɗa. A wurina nan ne zuciyar labarin take, fiye da turmi biyun farko. Dabara ta fara tangal-tangal, abokin gaba ya fara gane ta, jiki ya gaji, kuma tsohon hali yana raɗa wa mutum cewa koma wa abin da ka sani, yi duka. Ashe bai koma ba. Ya ci gaba da miƙa ƙwallon ƙasa-ƙasa, ya ci gaba da karkatar da sabis, ya ci gaba da cillawa sama. Cikin ci bakwai da suka biyo baya ya kwashe shida. Aka tashi 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Ya juya wajen da abokansa suke zaune ya ɗaga dunƙulallen hannu, iyakar murnarsa ke nan. Ya karɓi kofin da fam 10,000, ya zama namiji baƙar fata na farko da ya ci Wimbledon, kuma shekara 50 bayan haka ba a samu na biyu ba.

Yanzu mu dawo gida. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta biyo baya ta zube, kowane mai sana'a a Jalingo ya san yana fuskantar abin da ya fi shi ƙarfi. Zare ya tashi, sandar walda ta tashi, taya da baƙin mai sun tashi, kuɗin motar da ke kawo kaya daga Kano ko Anacha ya ninka, mai saye kuwa aljihunsa ya tsuke. Abin da na ga da yawa suna yi shi ne abin da Tanner ya yi: ƙara wuta. A ƙara awa a shago, a rage barci, a karya farashi har a ci uwar kuɗi, a yi ta tsere a titi ana ƙona mai domin fasinja ɗaya. Wallahi ba ƙwazo kuka rasa ba. Wanda ya ga yadda 'yan dako ke sauke buhunan masara da tsakar ranar Maris a garin nan ba zai taɓa cewa mutanenmu ragwaye ne ba. Amma akwai abokin karawar da duk ƙarfin da ka kai masa, da shi zai doke ka.

Tela ba zai taɓa karya dilar gwanjo da kayan kanti a farashi ba, kuma duk ranar da ya gwada, shi zai kwana da yunwa. Sai dai dilar gwanjo ba ta auna kafaɗar mutum, ba ta san amarya ta rame ko ta yi ƙiba ba, ba ta karɓar gyara. A nan take sunkuyawa. Telan da ya ce Laraba kuma ya bayar ranar Laraba, ko da jajiberin Sallah ne ko na Kirsimeti, yana riƙe da abin da babu masana'antar da ke sayar da shi. Direban Keke da ya samu gidaje biyar yana kai musu yara makaranta, da mata uku 'yan kasuwa da yake ɗauko wa kayan gwari da asuba, ya san kuɗin mansa tun kafin ya tayar da inji. Mai sayar da doyar Zing da ta buɗe littafi tana rubuta abin da ta saro, da kuɗin mota, da na dako, da wanda ya ruɓe, da bashin da ke waje, ita ce za ta fara gane cewa cinikin da take murna da shi wani lokaci asara ce sanye da rigar riba.

Wanda na fi so ya ji ni shi ne babban oga, wanda ya shekara 20 ko 30 a kan sana'a. Bakanike, ka ƙware a kan tsohuwar Fijo da kafireta, da kunne kaɗai kake gane ciwon inji, kuma wannan ilimi ne na gaske, babu mai raina shi. Amma motocin da ke shigowa yanzu da kwamfuta a cikinsu, sai an jona musu na'ura ta faɗi inda matsalar take. Kana gani masu motocin suna wuce garejinka suna tafiya wajen wani yaro da ka girme wa ubansa. Zafin da kake ji na san shi. Abin da nake roƙonka shi ne kada girman kai ya ci maka sana'a. Je ka wajen yaron nan, ka ce ɗana, nuna mini yadda abin nan yake. Ka tara kuɗi ka sayi na'urar, ko ku haɗa ku uku ku saya. Ranar da ka haɗa kunnenka na shekara 30 da abin da na'urar ke nunawa, babu yaron da zai kama ƙafarka a garin nan. Ashe yana da kofi biyu na duniya a ɗaki lokacin da ya zauna yana sauraron waɗanda ba su kai shi suna ba, kuma bai ragu da komai ba. Haka mai walda da ya koyi haɗa ƙarafunan sola, haka mai gyaran rediyo da ya koma gyaran waya, haka malamin makaranta da ya koyi kwamfuta yana da furfura.

Kuma ku sani, turmi na uku yana nan tafe. Ranar da ka daina ba da bashi ba rubutu, wasu za su yi fushi su ɗauke ƙafa. Watan da ka sayi na'ura, watan ne ciniki zai yi sanyi, uwargida ta tambaye ka ina amfanin abin da ka zuba wa kuɗi. Maƙwabcin shago zai ce ai dama na faɗa maka. A nan mutane da yawa suke sakin dabara mai kyau saura ƙiris ta haifu. Idan ka yi lissafinka da kyau tun farko, ka yi shawara da masu gaskiya, ka roƙi Allah zaɓi, to ka daure ka ba abin lokacinsa.

Ba zan yaudare ku in ce dabara kaɗai za ta gyara komai ba. Dabarar tela ba ta kawo wutar lantarki, ta direba ba ta cike ramin titi, ta malami ba ta biyan fansho. Waɗannan haƙƙoƙi ne a wuyan masu mulki, kuma ba a samunsu da zaman kowa tasa ta fisshe shi. Ashe ya san wannan sarai. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasan tanis ta ATP a 1972. A 1973, da aka dakatar da ɗan wasan Yugoslabiya Nikola Pilić aka hana shi shiga Wimbledon, 'yan ƙungiyar su 81 suka ƙaurace wa gasar, Ashe na cikinsu. Yana kan ganiyarsa ya bar damar cin kofin da ya fi so a duniya saboda an taɓa ɗan uwansa a sana'a. A 1974 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar. Connors bai shiga ƙungiyar ba, ya ma kai ta kotu, kuma gab da fara gasar 1975 ya shigar da ƙarar Ashe kansa yana neman miliyoyin daloli. Mai ƙararsa ne ke tsaye a ɗaya gefen ragar a ranar nan. Saboda haka ƙungiyar teloli, da ta masu Keke, da ta makanikai, da ta malamai, da adashin matan unguwa, kada ku mayar da su wurin karɓar kuɗin kati da rabon shinkafar siyasa. Ku halarci taro, ku tambayi ma'aji lissafi, ku saro kaya a dunƙule domin farashi ya sauko, ku tsaya wa wanda aka zalunta a cikinku ko da ba ku shiri. Jalingo gari ne na Fulani da Mumuye da Kona da Hausawa da Jukunawa da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista, kuma tsadar zare ba ta tambayar kowa yarensa ko inda yake ibada.

Ashe kuwa ba baƙo ba ne a wajenmu. Ya zo Nijeriya a 1970 tare da abokin sana'arsa Stan Smith suna koya wa yara wasa. Ya dawo Legas a Fabrairun 1976 yana riƙe da kofin Wimbledon, gasar ta faɗo daidai makon da aka kashe Janar Murtala Muhammed, har sojoji suka shigo fili ana tsakiyar wasa suka fitar da shi da bakin bindiga. Ya yi shekaru yana yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Ya rasu a 1993 yana da shekara 49, kuma babban filin da ake buga wasan ƙarshe na gasar Amurka a New York sunansa yake ɗauke da shi.

Amma aikinsa da ya fi kusa da mu a Kamaru ya yi shi, maƙwabciyarmu da muke iyaka da ita ta tsaunin Mambila da Gashaka. A 1971 a Yawunde ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo da raket ɗin da aka sassaƙa da katako. Ya tsaya ya buga da shi, ya ba shi raket na gaske, sannan ya kira Philippe Chatrier, ɗaya daga cikin jagororin tanis na Faransa, ya ce ga wani yaro nan ku ɗauke shi. Yaron shi ne Yannick Noah. Ranar 5 ga Yuni, 1983, ya doke Mats Wilander a wasan ƙarshe na gasar Roland Garros a birnin Paris, mahaifinsa Zacharie ya diro daga wurin 'yan kallo ya rungume shi a tsakiyar fili. A wannan shekarar dai Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Legas, ya kayar da Guillermo Vilas a Wimbledon ya kai zagaye na huɗu.

Irin yaran nan suna nan a Majidaɗi, kuma a shagunanku suke. Yaron da ke share maka shago, da yarinyar da ke sa maɓalli tun bara, da wanda ba ya komai sai miƙo sifana da sayo abinci. Oga, shekara nawa zai yi yana aike kafin ka nuna masa sirrin aikin? Kada ka ji tsoron in ya iya zai ƙwace maka masu saye. Ka sa masa ranar yaye tun yanzu, ka faɗa wa iyayensa. Kafin Sallar nan ka miƙa masa almakashi ya yanka yadi na gaske, ka tsaya a kansa. In ya ɓata, ka nuna masa inda hannunsa ya kauce, ka sake ba shi wani.